Ranar Da Kawu Ya Yi Wa Wayata Fifita

Ko zan manta komai na karatuna, ban da ranar da na kare bincikena na digiri na biyu a kan wani tudu, bayan rumbunan albasar ƙauyenmu kusa da Marnona.

Binciken a kan iskar gas da ke kewaye da manyan gungun taurari ne: me ke dumama ta, kuma ta yaya take huce zafinta. A gidanmu wannan ya zama abin nishaɗi kyauta, kawuna kuwa shi ne shugaban masu dariya. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Ga masaninmu. Shi ka auna zahin iskan da ba wanda yat taɓa shaƙa tai. In yag gama, gero zai yi araha." Ina jin haushi ƙwarai, amma kawu ne, sai murmushi.

A lokacin hanya ba lafiya, sai malamaina suka yarda a yi mini jarrabawar ta bidiyo a waya. In na faɗi, sai wata shekara. Sabis kuwa, don tsabar ƙaunar da yake mini, ba ya kamawa sai a kan tudun nan da ko tsiron inuwa babu. Ga bazara, ga tsakar rana.

Na fara da kyau. Ina cikin bayanin cewa gas ɗin ba ya daidaita sai zafin da ke fita ya yi daidai da wanda ke shiga, wayar ta ce ita ma ta ɗau zafi, ta mutu. Masanin yadda sararin samaniya ke hucewa ya tsaya yana hura wa waya iska da baki. Wallahi hawaye ya zo mini.

Sai ga Kawu, wanda ya biyo ni don kada dariya ta wuce shi.

"Mi ya hwaru? Taurarin sun gudu?"

Na ce zafi ne. Ya dube ni, bai yi dariyar ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗaga ta a kaina da hannu ɗaya, ɗayan yana fifita wayar da hularsa. Da ta farfaɗo na sake shiga, na tarar suna jirana. Tambayoyi suka yi ta zuwa, shi yana tsaye cikin rana, kansa ba hula, bai sauke rigar ba har aka ce na ci.

Da muka sauko, wuni ya yi kwance da ciwon kai. Na je gaishe shi ya ce, "To, masani, geron ya yi araha?"

Har ya rasu bai daina tsokanata ba, ni kuma ban ƙara jin haushi ba. Tun ranar na daina auna mutum da bakinsa. Ina duba wa zai tsaya mini a rana.