Cokalin Kaka Mai Baƙar Roba

Ranar Asabar ina gyara wa Umma tsohuwar kwabarta, sai hannuna ya taɓo wani abu a can ƙasan kwalla. Cokali ne, an nannaɗe mariƙinsa da baƙar roba har ya yi kauri kamar muciya. Robar ta tsattsage, amma da na kai ta hanci, warin tayar keke yana nan daram. Ban san sanda na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai ba. Bari ku ji labarinsa, don tun ranar nake neman wanda zan ba.

Ina aji biyar na firamare a lokacin, muna gidanmu na unguwar Dutse Uku a Jos. Shekarar da ta biyo bayan gobarar kasuwar Terminus ce, Baba ya dawo da ɗinkinsa zauren gida. Da farkon damina Kaka, mahaifiyar Baba, ta faɗi a wajen alwala. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ma ya yi nauyi, sai ta buɗe baki kalmar ta maƙale. Da ta yi sati uku a asibiti aka dawo mana da ita.

Gidanmu kuwa gidan ladabi ne, babba ba ya miƙa hannu ya ɗauki abu yara na zaune. Sai muka yi rububin hidima. Umma wanka, Gwaggo alwala da canjin kaya, ni kuma ba da abinci a baki. A ganinmu lada muke kwasa. Amma Kaka in ta karɓi cokali biyu sai ta kau da kai. Aka ce ta ci da hagu tunda lafiyarsa lau, limamin unguwa ma ya aiko cewa lalura ce, babu laifi. Ta ƙi. Matar da ke ƙwala mana ludayi a bayan hannu in mun miƙa hagu cikin akushi, ita ce za ta ci da hagu? Ta yi ta ramewa har zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Kowa ya gane in ba ta koma cin abinci ba, damina ba za ta fita da ita ba, sai dai ba mai faɗa.

Ana haka asibiti suka haɗa mu da wata ma'aikaciya, wadda aikinta shi ne koya wa marar lafiya komawa hidimar kansa, wato ci, sa tufafi, tashi da zama. 'Yar unguwar Kabong ce, doguwa mai fara'a, Sista muke ce mata. Talata da Juma'a take zuwa a kan acaɓa, rungume da lema. Hausarta irin ta cikin garin nan ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, mu yara mu yi ta danne dariya.

Ranar farko ta tarar da Kaka a kan katifa, ta karkace, haɓarta a ƙirji. Ta sa aka kawo kujera mai makari, aka sa filo a baya, wani a ƙarƙashin hannun da ya shanye. Ƙafafun Kaka ba su taka ƙasa ba don guntuwa ce, aka sa mata katako. Tebur kuwa, na tsohon keken ɗinkin Baba ne ya zo daidai da gwiwar hannunta. Ta hana Baba jan ta da hannun ciwon in zai ɗaga ta, ta ce kafaɗar za ta iya gocewa. Ta nuna masa ya riƙe ta a ƙugu, ita ta sunkuyo gaba, sannan su miƙe tare. Daga baya ta kawo sanda mai ƙafa huɗu, wadda muka yi ta leƙe kamar sabuwar mota.

Duk wannan ya yi mana daɗi, sai da ta ce mu rage taimakonta. Gwaggo ta ɓata rai, ta ce a gidan nan ne tsohuwa za ta yi ta fama da zani muna tsaye muna kallo, mutane su ce me?

"Gwaggo, hannun nan in kuna yi masa komai, zai manta aiki," in ji Sista.

Ta roƙi Baba tsohon tib na keke daga wurin mai faci, ta yanka shi siriri, ta naɗe wannan cokali. Yatsun Kaka ba sa iya damƙe siririn abu, amma mai kauri suna ɗan kamawa. Ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Kullum da hantsi Kaka na tsintar wake daga faranti zuwa kofi, da la'asar kuma tana jan carbi mai manyan 'ya'ya da hannun dama. Ni aka ɗora wa ƙirga waken. Ranar da ya kai ashirin, har maƙwabta na zagaya ina faɗa.

Wata Juma'a aka yi ruwa da ƙanƙara, irin sanyin Jos da ke shiga ƙashi. Umma ta dama gwaten acca da ganye, ƙamshin yakuwa ya cika ɗaki. Na ɗauki cokali zan ba Kaka kamar kullum, Sista ta karɓe, ta sa mata a dama, ni kuma ta ce in mayar da hannuwana baya in riƙe.

"Kaka, ka ɗaga. Ka ɗaga hannu. Ka yi ƙoƙari."

Kaka ta ɗago kai ta harare ta, irin hararar da muka yi wata biyu ba mu gani ba. Leɓenta ya yi ta rawa, sannan kalma ta fito fes.

"Ki."

Ƙanƙara na ta dukan kwanon rufi.

"Ki ake cewa. Ni mace ce."

Umma ta dafe ƙirji tana salati. Sista kuwa ko gezau, ta ce to, in cokali ya kai baki za ta gyara Hausarta, in bai kai ba "ka" ɗin tana nan. Kaka ta yi bisimilla. Cokalin ya taso yana karkarwa, rabin gwaten ya zube a zani. Hannuwana suna ta ƙaiƙayi a bayana, na cije leɓe ina addu'a a zuci. Cokalin ya tsaya a hanya, ya sake tashi, ya shiga baki.

Gwaggo, wadda ta fi kowa adawa, ita ta rangaɗa guɗa. Na ruga zaure cikin ruwa ba takalmi, Baba ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido da hularsa. Sista ta durƙusa gaban kujerar ta ce, "Kin ci, Kaka." Ranar sai da aka ƙaro mata gwate.

Shekara biyar ta ƙara a duniya, Allah Ya jiƙanta. Da damarta take ci, da sandarta take fita tsakar gida shan hantsi, kuma duk zuwan Sista gaisuwa sai ta ja ta da gyaran Hausa.

Yanzu irin wannan cokali na roba ana sayar da shi a kantin magani, sanduna iri-iri, har a waya ana nuna yadda ake zaunar da marar lafiya. Abin da bai yi sauƙi ba har yau shi ne janye hannu daga wanda kake so. Umma ta manyanta, yatsunta sun fara ƙagewa. Jiya na gan ta tana kokawa da murfin filas, har na yunƙura, sai na tuna. Na mayar da hannuwana baya na riƙe, ina karanta abin da ya sawwaƙa. Da murfin ya buɗe ta dube ni ta ce tsayuwar me nake yi kamar soja, in miƙo kofi.