Tsohon da Ke Cikin Faifan Yayana

Lokacin da nake aikin awon gyaɗa a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa ta Nguru, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, ba abin da ya ɗauke mini hankali kamar garmaho. Nawa baƙi ne, kamar ƙaramar akwati, na saye shi hannun wani ma'aikacin jirgi da aka mayar Kano. Mu 'yan kaɗan ne masu wannan ciwo a garin. Bayan la'asar mukan shimfiɗa tabarma a zaurena, kowa ya zo da faifansa a naɗe cikin tsumma, a yi wa garmaho wani, wato a murɗa hannunsa, a sa sabuwar allura, a yi tsit. Faifai na ƙarewa, gardama na tashi.

Amma wanda na fi yarda da kunnensa ba a Nguru yake ba. Wani tela ne a Gashuwa, mutumin Bade, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. A wurin mai sayar da allurar garmaho muka haɗu, tun daga nan muka riƙa aika wa juna faya-fayai. Wani direban motar kaya mai ɗauko banda daga Gashuwa shi ne manzonmu. Yaya zai naɗe faifai da ƙyallayen ɗinki, ya sa tsakanin katako biyu, ya ɗaure, ya ba direba tare da saƙon baki. Bai taɓa aiko mini abin da na raina ba.

Wata rana direban ya sauke mini ƙunshi, yana warin kifi, ya ce, "Yayanka ya ce wannan tsohon, in ka sa shi, kada ka yi magana da kowa sai ya gama. Ya ce duk faya-fayansa ba kamarsa."

Na tara mutanena, na gaya musu saƙon. Takardar da ke tsakiyar faifan ruwa ya taɓa ta, ba abin da ya rage sai ɗan ja-ja, babu suna babu rubutu. Na ɗora allura. Sai ga muryar mace, siririya, tana waƙa da sauri cikin wani harshe da ba wanda ya san shi a cikinmu, ana kaɗa mata wani abu mai tsirkiya kamar molo. Waƙar rawa ce sosai, har wani ya fara kaɗa ƙafa. Muka jira tsoho ya shigo, bai shigo ba. Na juya ɗaya gefen. Ita ce dai.

Na ce lalle kuskure aka yi wajen naɗi. Na mayar da faifan, na ce a gaya wa Yaya mace ya aiko mini, tsohon yana can wurinsa. Da motar ta sake zuwa, sai ga faifan nan dai, na gane shi da wani ɗan ɓalli a bakinsa.

"Ransa ya ɓaci," in ji direban. "Ya ce ko ɓawon gyaɗa ne ya toshe maka kunne? Wace mace?"

"Kai ka ji faifan a can?"

"Ni ina na ga lokacin zama? Ni dai ku bar wahalar da ni."

Daga nan na shiga ruɗu. Akwai wani Bashuwa mai fataucin fatu a cikinmu, ya ce ba Larabci ba ne, kuma watakila mai kaɗa molon Yaya yake kira tsoho. Wani ya ce a bincika ko telan lafiya yake. Ni kuwa na yi ta sa faifan ni kaɗai, ina kara kunne a jikin akwatin, ina neman namiji a bayan muryar matar. Har na fara jin kamar wani na tari can ƙasa-ƙasa, in na sake sawa kuma babu.

Da ruwan damina ya janye hanya ta buɗe sosai, na hau motar direban, faifan a cinyata, na lulluɓe shi da riga saboda rana. Muka yi ta kafewa a yashi muna turawa. Na sami Yaya a shagonsa bayan kasuwa, inda aka shanya barkono har ido na yaji. Bai yarda mu taɓa maganar ba sai da na ci shinkafa da miyar kifi. Sannan ya jawo garmahonsa daga ƙarƙashin teburin ɗinki, wani tsohon abu mai ƙaho, ya yi masa wani, ya karɓi faifan daga hannuna ya ɗora.

Tsoho ne. Wallahi tsoho ne, mai kaurin murya, yana jan kowace kalma kamar wanda ya sha tafiya ya zauna. Molon da na sani yana tsalle, a nan tafiya yake a hankali. Na miƙe na leƙa, ga ɓallin nan yana zagayawa.

Da ya ƙare, Yaya ya ce, "To, ƙanena, ina macen?"

Na koma na zauna. Shi kuwa ya share ido da bakin rigarsa, ya ce muryar mahaifinsa ke nan sak. Masunci ne, haka yake waƙa in yana gyaran koma a bakin kogi. Ya ce bai san harshen ba, amma ya san mutumin maganar janyewar ruwa yake yi.

Da ya sake sawa na lura faifan ba ya gudu kamar yadda yake gudu a nawa. Na ce, "Yaya, garmahonka ba ya sauri. Ya gaji."

"Ko kuma naka ne ke gaggawa," in ji shi. "Wa ya gaya maka naka ne daidai?"

Ba wanda ya gaya mini. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefen faifai da ake turawa a ƙara gudu ko a rage. Nawa yadda na same shi haka na bar shi, nasa kuwa ya ci tsatsa ya maƙale tun kafin ya zo hannunsa. Na roƙe shi ya sa wasu daga cikin waɗanda muka taɓa musanya. Duk sun fito da nauyi, kamar mutanen da na sani amma sun tsufa. Sai na tuna sau nawa ya aiko mini faifai yana cewa mai sanyaya zuciya ne, ni kuma in mayar da saƙo cewa gaskiyarsa, ya yi daɗi ƙwarai, alhali ni rawa ya sa ni. Shekara da shekaru muna yabon abu ɗaya, ashe ban san me yake ji ba.

Na ce ya zo Nguru a raba gardama. Ya zo da kaka, lokacin da ya tashi sayen yadi. Bashuwan nan bai daɗe da sayo sabon garmaho daga Kano ba, ɗan ƙarfensa na tsaye a tsakiya inda masu ƙira suka yi alama. Muka zauna muka ɗora faifan a kan sabon garmahon, zaure ya cika har ƙofa, don labarin ya bazu.

Abin da ya fito ba tsohon Yaya ba ne, ba kuma macen da nake ji a nawa ba. Wata murya ce tsaka-tsaki. Wasu suka ce saurayi ne, wasu suka rantse dattijuwa ce. Aka sake sawa, waɗanda suka ce saurayi wasunsu suka koma bayan dattijuwa. Aka kira wani ma'aikacin jirgi mutumin kudu ko zai gane harshen, ya saurara, ya ce shi ma bai taɓa jin sa ba, amma a ganinsa mutum biyu ne ke waƙar.

Na dubi Yaya. Ya ce, "Wannan ban san shi ba." Ya naɗe faifansa, ya sa a jakar yadi, ya tafi neman mota.

Mun ci gaba da aika wa juna faya-fayai har na bar Nguru. Sai dai in saƙonsa ya zo da yabo, nakan tsaya da faifan a hannu, in rasa inda zan tura ɗan ƙarfen. Na gwada barinsa a tsakiya na wani lokaci, sai duk waƙoƙina suka zame mini baƙi, mutanen zaure ma suka fara ƙorafi. Na mayar da shi inda yake da.