Ranar da Inna Ta Rage Mu a Littafi

Matso kusa ka ji, wannan ba na faɗarta da ƙarfi.

A gidanmu ba a ƙirga mutane. Ko baƙuwa ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa, sai ta ce "Alhamdu lillahi," ta ja bakinta. Daga ƙasar Hausa suka taho da abin. Baba masaƙi ne a can. Yakan ce Nasara suka kawo akoko mai araha ya kashe saƙa, suka ce kowa ya noma gyaɗa, sikeli nasu, farashi nasu, haraji kuma ba a karɓar gero sai kuɗi. Ranar ƙidaya a ɗaga wa yaro hannu, in an ga gashi a hammata ya shiga littafi ke nan. Shekarar da fara ta cinye gonaki aka ce sai an biya haka nan. Mutanen garinsu suka taru suka kori mai rubuta harajin da sanduna. Bayan 'yan kwanaki sojoji suka zo. Daga nan Baba bai taɓa ƙarasa labarin ba. Sun dai yo gabas, ni a Sudan aka haife ni.

To, lokacin babban yaƙin Turawa muna Makka, wajen unguwar Nakkasa, cikin ɗakin gwangwani a gindin dutse. Alhazai suka ɗauke. Ba mai sayen wainar Inna, yayyena biyu ba dako. Yunwa ta zauna sosai. Wata safiya ina shara sai ga umda, wato mai unguwarmu, da wani Balarabe riƙe da littafi da alƙalami.

Inna na hango littafin ta yar da ludayi. "Ku shige bayan labule!" ta ce wa yayyena, ƙarti masu gemu. Suka shige, don ita ba a musu da ita.

"Kam nafar, ya Hajja?" in ji Balaraben, wai mu nawa ne.

"Talata," ta ce, wato uku da Larabci. "Ni, da tsoho, da yarinya."

Umda ɗan uwanmu ne Bahaushe. Ya dubi takalma manya biyu a bakin ƙofa. "Hajiya, ina samarin naki? Wannan fa alheri ne."

"Sun tafi Jidda, ranka ya daɗe."

Ashe gurasa hukuma za ta riƙa rabawa, kowane kai ɗaya. Kullum a ba mu uku, mu biyar.

Babban yaya ya yi ta roƙo. "Inna, don Allah mu je a gyara. Nan ba ƙasar Nasara ba ce."

"Yau gurasa, gobe su ce kawo," ta ce. "Na ga abin da littafi ya yi wa garinmu, kai ba ka gani ba."

Ya juya ga Baba. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a bar uwarku. Shi ma tsoron ke nan.

Daga nan Baba ya tsiri azumi. Litinin da Alhamis, sai ya koma kullum. In an sha ruwa ya ɗan gutsira, ya turo mini sauran, ya ce zamzam ta ishe shi. Ni kuwa na ci, wallahi na ci, ban san komai ba. Kafin alhazai su dawo muka kai shi makwancinsa.

Ba wanda ya taɓa zuwa karɓar haraji a ƙofarmu. Inna ta rayu har ta ga jikoki, ba ta ƙirga su ba ko sau ɗaya. Ni na kasa jin haushinta, na kuma kasa mantawa. Kai da ka ji yanzu, wa ka ga ya kamata in ɗora wa laifin?