Sista Hadassah da Ramin Bel ɗin Ugonna

Kullum da safe Sista Hadassah takan hau keke napep daga Kamazou zuwa asibitin da take aiki a Barnawa, kuma kafin ta sauka ta san sunan direban da abin da ke damun gwiwarsa. Haka Allah Ya yi ta, tambaya ba ta ƙare mata. Ranar da na raka ƙanwata ƙarin ruwa a sashen masu ciwon daji, sai da na ce a raina, wai matar nan bakinta ba ya gajiya ne?

Ita ta warware mini yadda sabon maganin da ake sa wa ƙanwata yake aiki. Ta ce ƙari wayo gare shi, yakan lallaɓa sojojin jiki da ke kewaye da shi su yi barci, wasu ma su koma yi masa gadi. Maganin kuwa sojojin yake nema ya tasa. Na ce to, in sun farka ai shi ke nan? Ta ce a'a, wani lokaci da gigin barci suke tashi, su far wa hanjin mutumin.

Ina zaune aka shigo da Oga Ugonna, makanike daga Kakuri, shi ma a kan maganin yake. Ta tambaye shi ciki, ya ce lafiya lau. Sai ta tsura wa bel ɗinsa ido, ga sabon rami an huda da ƙusa.

"Oga, yaushe wandon nan ya yi maka yawa?"

Ya sunkuyar da kai. Matarsa Ebele ce ta fasa ƙwan: gudawa ta kwana biyu tana cinsa, yana ta haɗiyar ƙwayar kemis a ɓoye don kada a tsayar masa da magani.

"Sista, in kun tsayar na mutu," in ji shi.

"Shirun nan ne zai kashe ka," ta ce, ta aika a kira likita.

Aka dakatar da maganin, aka yi jinyar hanjin, daga baya aka ci gaba. Wallahi har yau ina mamakin yadda ta lura da ramin nan.

Sista, watan nan kike ritaya. Ke ce mai tambayar da ake jin kunyar amsawa, kuma mun gode. Sabbin nas, don Allah ku koyi damun mutane irin nata. Shekaranjiya na kai mota garejin Ugonna, na saci kallon ƙugunsa. Bel ya koma tsohon raminsa.