Haggai da Kututturen Kirya

A Rikoto, duk wanda ya yi noma kusa da dutse ya san Haggai. Manomin dawa ne, kuma da kwari da baka yake korar birai daga gonarsa. Kibansa ƙirar Mika ne, wani maƙeri na Kanya da ya rasu tuntuni. Maƙeran da suka biyo baya fartanya da lauje suka iya, saboda haka duk kibiyar da ta lalace ta tafi ke nan.

Shi ya sa yake da ƙa'ida wurin gwada hannu. Ba ya harbin ɗanyen itace, domin kibiya na nutsewa ta ƙi fita. Ruɓaɓɓen kututture yake nema, na kuka ko na gwanda, kuma sai ya taka ya je ya dunguri kututturen da dunduniya. In ya ji laushi, ya ja da baya ya harba. Da haka kibansa suka kai shi tsufa, suna raguwa a hankali, har saura ɗaya.

Da kakar 2004 gwiwoyinsa suka fara ciwo. Wata safiya yana komowa daga gona ya haɗu da Lawwali, mai sayen hatsi, abokin wasansa.

"Baba Haggai, bakan nan dai ya zama sandar dogarawa ko?" in ji Lawwali.

Haggai ya ce ya zaɓi abin da yake so a harba. Lawwali ya nuna wani kututture a hayin kwazazzabo, gara ta lulluɓe shi da jar ƙasa. A ido ya ruɓe. Haggai ya dubi gangaren, ya tuna gwiwoyinsa, ya ɗana kibiya daga inda yake tsaye.

Bai kuskure ba. Amma kututturen na kirya ne, itace mai tsananin tauri, gara bayansa kawai ta rufe. Kyauron kibiyar ya tsage, tsinin ya karye biyu. Lawwali ya sauka da kansa ya tsinto guntayen, yana ta ba da haƙuri.

Da Haggai ya koma gida, matarsa Dinah ta ga kwarin babu komai.

Haggai ya kai tsinin kasuwar Zuru, daga baya har Dirin Daji. Wani mai walda ya haɗa masa, amma ya yi nauyi, kibiyar ta riƙa karkacewa a iska.

"Laifin Lawwali kaɗan ne," in ji Haggai. "Ni na ƙi tsallaka kwazazzabon."

Da damina ta zagayo, gwangwani ya riƙa bugawa a bakin gona. Birai sukan ɗago kai su dube shi, su ci gaba da karyar dawa.