Gafakar da Ladan Ya Ɗora a Ka

Malam Mikail baduku ne a Mandawari. Shekara arba'in ke nan yana ɗinka gafaka, jakar fatar nan da ake ajiye Alƙur'ani a ciki, da basilla ɗaya da ta girmi 'ya'yansa duka. Ya gaji wata ƙa'ida daga mahaifinsa: ba ya buɗe littafin da aka kawo masa. Da zare yake auna shi ta kan ƙyallen da aka naɗe shi, tsawo da faɗi da kauri, ya ƙulla. Mutane suna cewa ladabi ne. Matarsa 'Yardada ta ce ƙyuyar sake alwala ce kawai.

Bara, bayan ƙaramar salla, wani dattijo ya yi masa sallama, sanye da farin kaftani da hula. Ya ce sunansa Dauda, daga wajen Sumaila. Ya miƙo wani ƙunshi, ya ce littafin Allah ne na marigayi mahaifinsa, takardun sun fara zubewa. Mikail ya ce Allah ya jiƙan mahaifi, dattijon ya ce amin, suka yi alkawarin mako guda.

Jar fatar akuya Mikail ya zaɓa, ya yi mata ado da kore, ya zura ƙunshin a ciki, ya rataye a ƙusa.

Ranar da aka yi za a karɓa, sai ga Muhammad Auwal, ladanin unguwa, da danshin alwalar azahar a gemunsa. Shi yake kawo wa Mikail aikin gafakun saukar karatu na Islamiyya uku, kuma bakinsa ya fi lasifikar masallaci kai labari nesa. Da ya ji tsohon littafi ne na gado, ya ce masha Allah, ya sauke gafakar, ya sumbace ta, ya ɗora a ka don albarka. Bai tsaya nan ba, har teburin mai shayi ya kai ta, ya yi wa mai littafin addu'a, mutum shida suka shafa.

Sai da ya dawo shagon ya kwance ƙyallen. Baƙaƙen na Larabci ne, amma maganar Hausa ce, ajami. Ya fara karantawa da muryar kiran salla, yana zuwa kan “Yesu Almasihu” muryar ta maƙale.

“Mikail! Linjilar 'yan coci ka yi wa gafaka?”

Basilla ta soki ɗan yatsan Mikail. Ya san in maganar nan ta shiga masallaci, kafin la'asar ta isa Gwammaja, aikin sauka kuwa ya tafi ke nan.

“Ni ban buɗe ba, Malam Ladan. Kai ka buɗe.”

“To warware ɗinkin!”

“In warware, takarda mai sunan Nana Maryamu da annabawa ta zube a ƙasa? Kai za ka amsa ranar gobe?”

“Wallahi sai na gaya wa liman.”

Mikail ya tsotse ɗan yatsansa, ya dube shi a natse. “Gaya masa mana. Amma ka faro daga farko. Ni ɗinki na yi. Kai ka sumbata, ka ɗora a ka, ka zagaya da ita unguwa. Mutum shida suka ce maka amin.”

Ladan ya kai hannu ya taɓa hularsa. Ya leƙa wajen mai shayi, ya ga shidan nan suna zaune. Ya mayar da ƙyallen yadda yake, ya ce lokacin salla ya yi, alhali da saura.

Da Dauda ya zo, Mikail ya ce, “Haba Baba, ai da ka faɗa min.”

“Na faɗa maka, Malam. Na ce littafin Allah. Da Hausa me kake so in ce?”

Mikail ya miƙe tsaye. Ya miƙa masa gafakar da hannu biyu, ya ce a riƙa shafa mata mai saboda rani.

Har yau ladan ne yake kawo aikin sauka, bana ma Islamiyya huɗu. Mikail kuma bai fara buɗe littafi ba. Sai dai duk ranar da ladan ya zauna a shagon ya ɗauko zancen wane yana hulɗa da 'yan Sabon Gari, Mikail hannu kawai yake ɗagawa ya ɗan shafa kansa, sai ladan ya koma zancen zafin rana.