Tsuntsun da Na Ce Ban Gani Ba

Duk sanda na ji ƙanshin bandar kifi, sai in tsinci kaina a bakin tabkin Madarumfa, lokacin ɗari, ina tsaye bayan kakana.

Masunci ne. Da ganinsa ya fara rauni, sai ya ce zai zaɓi jika guda ya riƙa zama a goshin jirginsa, ya zame masa ido. Aikin mai zama a goshi shi ne duban tsuntsaye, don inda suke shawagi nan kifi yake. Mu biyu ne muke son wurin, ni da ƙanwata, wadda na ba shekara biyu. Ni kuwa tuni na ɗauka wurin nawa ne. Ni ne babba, ni ne namiji, me kuma ya rage?

A ɗarin shekarar nan wasu manyan tsuntsaye suka sauka a tabkin. Kaka yana ce musu 'yan teku, wai daga can gaban hamada suke zuwa. Iyayen farare ne masu baƙin baya. 'Ya'yan kuwa dabbare-dabbare, ruwan ƙasa, kamar an yayyafa musu laka. In ka ga ɗaya ka ga duka. Haka dai nake gani.

Wata hantsi muna taya shi ɗinkin koma, tsuntsayen kuma suna jere a kan wani tudun yashi cikin ruwa. Sai ƙanwata ta ajiye zare ta ce, "Kaka, ɗaya daga cikin yaran nan ba ɗansu ba ne."

Ya ce, "To amaryata, me kika gani?"

Ta fara lissafo masa. Kansa ya fi na sauran fari. Bakinsa siriri ne, dogo. Ƙafafunsa sun fi tsawo, har yana tsayuwa kamar mai leƙen katanga. Da ya ɗaga fiffike kuma, ƙarƙashin fari ne, na sauran duhu.

Ban taɓa ganin fuskar kaka haka ba. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irin wannan, yana saurayi, ya faɗa aka yi masa dariya. Ya kare goshi da hannu, ya duba, ya sake dubawa, idon bai kai ba. Sai ya juyo gare ni. "Kai babba, duba mini. Gaskiya ta faɗa?"

Na duba. Wallahi ga shi nan, na uku daga hannun dama, kai fari, ƙafa zaƙo-zaƙo, komai yadda ta ce. Kwana nawa ina kallon tsuntsayen nan ban lura ba, ita da ko iyo ba ta gama koya ba ta gano shi. Wani abu ya taso mini. Kishi ne, ba wani suna da zan sa masa.

Na ce, "Duk ɗaya ne, kaka. Rana ce ta haske mata ido."

Ya koma kan komarsa. Ƙanwata ba ta yi musu ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta ɗauki zarenta.

Bayan sati guda tsuntsayen suka tashi, ni kuma na hau goshin jirgi. Shekara huɗu na yi a wurin, kafin karatun lakwal ya ɗauke ni zuwa Maradi. Ba laifi, muna samun kifi. Amma kullum muka dawo na hango ta a gaɓa tana wanke kwanuka, sai in ji ita ce ke da wurin, ni aro na yi. Abin haushi, maimakon in tausaya mata, sai in ƙara jin zafinta. Kaka ya rasu bai san tsuntsunsa ya dawo ba.

Yanzu lambuna sun cinye gaɓar da muke ɗinki, yara kuma waya suke kallo, ba ruwa ba. Ita tana aure a Ɗan Issa, har ta yi jikoki. Bara na je gaishe ta, muna cin tuwo, na yi ta maza na ce mata ran nan na ga tsuntsun.

Ko hannu ba ta tsame daga kwano ba. Ta ce, "Na sani, yaya. Kai kana kallon tsuntsu, ni ina kallon idonka."

Na yi zaton kunya zan ji. Sai na ji tsohon kishin nan ya sake taso mini, da furfurata da komai. Ashe ni ma tun ranar ta gama gane ni.